Masu zaunar da 'yan kallo, ƙorafin jama'a da teburin tsaraba: yaya ake raba aikin?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gidan wasan kwaikwayo ta ɓangaren 'yan kallo. A ce zaure ne mai kujeru 500, da ƙasa da bene, ƙofofin shiga uku, masu zaunar da jama'a su takwas, sai manaja ɗaya. Matsaloli uku ne suke ta maimaita kansu. Mutum biyu su zo kowa da tikitinsa yana cewa kujerar tasa ce, a yi ta cacar baki har a kashe fitilu. Ana cikin wasa kuma ƙorafi ba ya yankewa: wani ya kunna waya, wani yana surutu, wani ba ya hango dandamali, wani ya zo a makare ya dage sai an bar shi ya shiga. Da an tashi kuwa sai a cunkushe a teburin da ake sayar da riguna da huluna da littafin shirin wasa, masu son fita ba hanya, masu saye ba layi, washegari lissafin kaya ya ƙi daidaita da kuɗin da ke cikin akwati.

Me ma'aikaci yake da ikon yankewa da kansa, me kuma zai miƙa wa manaja? Sannan daidai ne a janye biyu daga masu tsaron ƙofa su je su taimaka a tebur idan wasa ya kusa ƙarewa?

Tsohon Manaja:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa, don ita ce mai haɗari. Kada a janye kowa daga ƙofa saboda tebur. Nuna wa mutum kujera ƙaramin ɓangare ne na aikin. Babban dalilin da ya sa aka ajiye ma'aikaci a bakin ƙofa shi ne ya fitar da jama'a lafiya idan wani abu ya taso, kuma lokacin tashi ne mutum 500 suke miƙewa gaba ɗaya su nufi matakala. Gobarar gidan wasan Iroquois da ke Chicago a Amurka, cikin watan Disamban 1903, ta ci rayuka sama da 600, da yawansu a bakin ƙofofi da kan matakala, saboda wasu hanyoyin a kulle suke, wasu labule ya rufe su, wasu kuma irin makullinsu jama'a ba su san yadda ake buɗe shi ba. Shi ya sa kafin a buɗe wa 'yan kallo, kowane ma'aikaci zai je ya tura ƙofar gaggawar da ke ɓangarensa da hannunsa ya ga ta buɗe, ya leƙa bayanta ko an jingina kujeru ko katan, ya duba fitilar alamar fita tana ci. Kallo daga nesa bai wadatar ba.

Rabon mutum takwas ɗinku: uku a ƙofofi suna duba tikiti, uku a cikin zauren ƙasa, biyu a bene. A tara su kamar awa guda kafin wasa a gaya musu tsawon kowane kashi, lokacin hutu, inda aka yarda a shigar da wanda ya makara, da ko akwai ƙarar bindiga ko hayaƙi ko fitila mai walƙiya a wasan, domin irin wannan fitilar tana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa, dole a rubuta gargaɗi a bakin shiga. Ana buɗe zaure rabin awa kafin farawa. Manaja ne kaɗai zai sanar da mai kula da dandamali cewa jama'a sun zauna, a fara.

Rikicin kujera kuwa, kada ma'aikaci ya saurari bayanin baki tukuna. Ya karɓi tikitin biyu a hannunsa ya karanta bi da bi: kwanan wata, lokaci, ɓangare, sahu, sannan lamba. Mutane lamba kawai suke dubawa. Mafi yawan lokuta za ka tarar ɗayan tikitin na bene ne mai shi ya zauna a ƙasa, ko na wasan rana ne ya zo na dare, ko na gobe ne. Gidaje da yawa suna tsallake harafin I a jerin sahu don kada ya rikice da lamba 1, sai mai ƙirga sahu da yatsa ya sauka a na gaba ko na baya. Akwai kuma zaurukan da suke sa lambobin mara a gefe ɗaya, na cika a ɗaya gefen, kamar yadda ake yi a gidajen Broadway da ke New York, inda kujera ta 1 da ta 3 suke manne da juna. Miji da mata za su zo da fushi wai an raba su, alhali kujerunsu a haɗe suke. Nuna musu kawai.

Idan komai ya zo ɗaya a tikitin biyu, to ko dai kuskuren ofishin tikiti ne, ko an sayar wa mutum biyu hoton tikiti ɗaya a waje. Wannan ba shari'ar ma'aikaci ba ce, kuma ba a yanke ta a tsakiyar sahu mutane na kallo. Wanda ya riga ya zauna a bar shi, na tsaye a kai shi kujerar ajiya, a rubuta lambobin tikitin biyu, ofis ya bincika kafin hutu. Wannan ne amfanin kujerun ajiya: a zaure irin naku a ware shida zuwa takwas da ba za a sayar ba, biyu-biyu, a bakin hanya, masu kyakkyawan hange. Gidan da ya sayar da kowace kujera ya bar ma'aikacinsa da haƙuri kawai a baki, ba abin da zai ba mutum.

Wanda ya makara yana jira a waje har a kai gaɓar da aka amince da ita, yawanci sauyin fage ko ƙarshen waƙa lokacin da ake tafi. A shigar da su rukuni ɗaya, a zaunar da su a baya kusa da ƙofa, su koma kujerunsu na ainihi a lokacin hutu. A rubuta wannan ƙa'ida a jikin tikiti, don ma'aikaci ya sami abin nunawa. Tocila kuma ƙasa take haskawa, a gaban ƙafar wanda ake jagoranta, ba fuskar kowa ba.

Uwar Lissafi:

Na yarda da Malam Manaja kan ƙofa, zan ma ƙara da abin da ya shafi tebur kai tsaye. A watan Yunin 1883, a zauren Victoria Hall da ke garin Sunderland a Ingila, an gama wasa aka fara rabon kayan wasan yara daga dandamali. Yaran da ke bene suka rugo ƙasa don kada su rasa, suka tarar da ƙofa mai buɗewa ta ciki an sakale ta, an bar tazarar da yaro ɗaya kawai zai iya wucewa. Yara 183 suka rasu a matsi, babu wuta babu hayaƙi. Bayan wannan ne aka matsa a kan ƙofofin fita su riƙa buɗewa ta waje, aka kuma ƙirƙiro sakatar da ake dannawa da jiki ta buɗe. Duk abin da zai sa jama'a su yi rige-rige zuwa wuri ɗaya a lokacin fita, a ɗauke shi da muhimmanci, ko da teburin riga ne.

Saboda haka wurin ajiye tebur shi ne rabin maganin. Kada ya kasance a ƙasan matakala, kada ya fuskanci ƙofar zaure, kada ya zama tsakanin jama'a da ƙofar waje. A kai shi gefe, layi ya bi jikin bango da igiya ko shinge, mashiga ɗaya mafita ɗaya, wanda ya gama saye ya fita ta gaba ba sai ya ratso masu jira ba. A tsaya a kalli inda wutsiyar layin za ta kai idan mutum talatin suka jeru. In ta kai bakin matakala, wurin bai yi ba.

Yanzu lissafin lokaci. Bayan tashi, kasuwar ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ba, mutane suna son kama hanya. A ce kowane ciniki yana cin daƙiƙa 45, mai sayarwa ɗaya zai sallami mutum 20 a minti 15. In mutum ɗaya cikin goma na 'yan kallonku ya tsaya saye, mutum 50 ke nan, kun ga mai sayarwa ɗaya ba zai iya ba, biyu ma da ƙyar. Ko dai a ƙara hannu, ko a rage daƙiƙun, kuma rage daƙiƙun ya fi sauƙi. Abin da ke cin lokaci shi ne mutum ya iso gaban tebur sannan ya fara tunanin me zai saya. A rataye samfurin kowane kaya a allo sama da kan mutane, kowanne da lambarsa da farashinsa da manyan baƙaƙe, yadda na ƙarshen layi zai hango ya yanke shawara tun yana can. Ya iso ya ce lamba uku, matsakaiciya, shi ke nan. Kayan sayarwa suna bayan mai sayarwa, ba a kan tebur inda kowa zai ɗaga ya warware ba. A naɗe kowace riga a manna mata takarda mai nuna girmanta, kowane girma da katan ɗinsa. M da L ne suke fara ƙarewa, a sa su kusa da hannu, kuma da wani girma ya ƙare a manna sanarwa a allon nan take, kada mutum ya yi jiran banza ya zo ya huce a kan mai sayarwa. Farashi ya zama cikakken adadi wanda ba ya bukatar ƙananan canji.

A buɗe tebur tun kafin wasa da lokacin hutu. Mutane suna ƙin saye da wuri ne don ba sa son riƙe kaya a cinya, to a ba su damar biya a lokacin hutu, a sa kayan a leda mai lamba, a ba su rasit mai lamba iri ɗaya, su karɓa bayan an tashi a ƙarshen tebur ba tare da bin layi ba.

Batun lissafin da ya ƙi daidaita, ga yadda ake yi. Kafin buɗewa mutum biyu su ƙirga kaya tare, ɗaya daga ɓangaren masu wasan, ɗaya daga gidan, kowane kaya da kowane girma a layinsa, su sa hannu. Kuɗin canjin da aka fara da shi a ƙirga a rubuta daban. Bayan rufewa a sake ƙirgawa. Abin da aka fara da shi, a haɗa da wanda aka ƙaro, a cire na kyauta, a cire wanda ya lalace, a cire ragowar, abin da ya saura shi aka sayar. A ninka da farashi, a gwada da tsabar kuɗi bayan an cire na canji, haɗe da jimillar da na'urar POS ta nuna. A yi shi a daren, kafin kowa ya tafi. In aka bari sai washegari ba mai tuna komai.

Giɓin kuma ba kasafai yake zama sata ba, kada a yi saurin zargin yara. Ana mantawa da samfuran da ke rataye a allo, a ƙirga su da farko a tsallake su a ƙarshe. Ɗan wasa ya zo ya ɗauki riga biyu don baƙinsa ba a rubuta ba. Wani ya dawo da L ya karɓi XL, jimilla ta daidaita amma layukan girma suka karkace. An ɓarke sabon katan ana tsakiyar rububi ba a ƙirga ba. An yi ragi ga wanda ya sayi biyu ba a nuna a takarda ba. Mafi ciwo shi ne na POS: wayoyi 500 sun kunnu lokaci guda, sabis ya yi nauyi, na'ura tana ta juyawa, mai sayarwa ya ga layi ya miƙa kaya kafin ta nuna an amince, daga baya cinikin ya faɗi. Kaya ba ya barin tebur sai na'ura ta tabbatar. A gwada ta a daidai inda tebur yake tun da rana, a cika mata caji, a ajiye ƙarin takardar rasit. Kowane mai sayarwa da akwatin kuɗinsa, hannu biyu a akwati ɗaya ba a sanin inda kuskure ya fito. In gidan yana karɓar kaso daga cinikin masu wasa, a rubuta tun kafin ranar ko nawa ne, kuma daga jimillar ciniki za a cire ko bayan an fitar da haraji da cajin kati, don a nan ake yawan saɓani da tsakar dare.

Inda zan ɗan sassauta maganar Malam Manaja: bayan zaure ya zama babu kowa, an duba sahu-sahu da banɗaki an tattara kayan mantuwa, ana iya turo ma'aikaci ɗaya ya tsaya wa layi. Layi kawai, ba kuɗi ba.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Saura ƙorafin da ake kawowa ana tsakiyar wasa. Mai waya da mai surutu, a yi musu magana nan take ko a jira hutu? Wanda kuma ya ce a mayar masa da kuɗinsa fa?

Mai Tocila:

Ɗan'uwa, ma'aunin shi ne wanne ya fi damun jama'a, laifin ko gyaran. Wanda ya leƙa wayarsa na daƙiƙa biyar a tsakiyar sahu mai kujeru ashirin, in ka ce sai ka isa gare shi, mutum goma za ka tayar. Ka lura da kujerarsa ka same shi a lokacin hutu. Wanda yake ɗaukar bidiyo ko hoto mai walƙiya kuwa ba a jira, domin walƙiyar tana ɗauke ganin ɗan wasan da ke rawa ko hawa matakala a dandamali, ɗaukar kuma ta saɓa wa haƙƙin mallakar masu wasan. Ka je bakin sahunsa ka durƙusa don kada ka tare wa na baya, ka haɗa ido da shi, ka yi masa alama da hannu ya ajiye. Wasu gidajen suna haska wa mutum tocila daga nesa. Ni ban goyi bayan wannan ba, yana janye hankalin zaure gaba ɗaya, yana kuma kunyata mutum ya sa shi taurin kai. In ya maimaita, ka matsa kusa ka faɗa masa a hankali da gajeriyar magana. Karo na uku na manaja ne, ka kira shi ta oba-oba daga bayan ƙofa, ba daga cikin zaure ba. Ma'aikaci ba ya taɓa jikin kowa, ba ya ƙwace waya, ba ya goge hoto da hannunsa, ba ya korar mutum.

Wanda ya kawo ƙorafi, fara fitar da shi daga hanya zuwa harabar waje, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa ba ka katse shi ba, sannan ka maimaita masa abin da ka fahimta. Kada ka ce masa ba laifinka ba ne, ya sani, kai ne dai wanda ya samu. Abin da ke hannunka ka yi shi nan take: sauya kujera daga na ajiya, matashin ƙara tsawo ga yaron da babba ya tare wa gaba, na'urar taimaka wa ji in gidan yana da ita. Mayar da kuɗi, tikitin kyauta, ko alkawarin za a kira shi gobe, duk ba naka ba ne. Kalmar "za a mayar maka" in ta fita daga bakin ma'aikaci ta zama bashi a wuyan gidan, in manaja ya ƙi, ƙorafi ɗaya ya koma biyu. Abin da za ka ce shi ne wannan hukuncin manaja ne, ga shi nan zan kira maka shi.

Wasu ƙorafe-ƙorafen labari ne mai amfani. Mutum uku daga kusurwa ɗaya suka ce ba sa jin magana, to lasifikar wannan ɓangaren ce ta sami matsala, a sanar da manaja ya isar wa masu sauti kafin kashi na biyu. Masu kukan sanyi a farkon wasa suna da gaskiya, amma da gangan ake sanyaya zaure kafin shiga, domin jikin mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, mutum 500 kuwa kusan kilowat 50 ke nan. In aka kashe na'urar sanyaya ɗaki saboda mutum biyu, kafin hutu kowa yana fifita. A matsar da su daga ƙarƙashin bututun iskar kawai. Kujerar da ginshiƙi ko ƙarfen bene ya tare wa hange, a rubuta hakan a tikitinta tun wajen sayarwa, a kuma rage mata kuɗi.

Ƙorafi mafi zafi shi ne idan fitaccen ɗan wasan da aka zo dominsa bai fito ba, mataimakinsa ya maye gurbinsa. A sanar tun a bakin shiga da rubutu, kada mutane su gano bayan an ɗaga labule. A Broadway an saba cewa in sunan ɗan wasan yana saman sunan wasan a talla, ana iya neman canjin rana ko mayar da kuɗi. Kowane gida da ƙa'idarsa, amma ma'aikata su san ta kafin a buɗe ƙofa. Duk abin da ya faru a rubuta shi a daren: lokaci, sahu da lambar kujera, abin da mutumin ya ce, abin da aka yi masa, da wanda ya shaida. Wasiƙar ƙorafi takan iso bayan mako guda, wannan takardar ce kaɗai za a dogara da ita.

Uwar Lissafi:

Ƙari biyu a kan tebur. In 'yan wasa za su fito su sa hannu a littafi ko fasta, kada a yi shi a teburin ciniki, layi biyu za su cakuɗe, mai ɗaukar hoto ya tare mai biya. A ware musu wani wuri nesa da hanyar fita, da ma'aikaci mai kula da layin. Littafin shirin wasa kuma a bayyana a fili ko kyauta ne ko na sayarwa, tunda a Broadway kyauta ake raba nasu littafin da ake kira Playbill, a gidajen Landan kuwa saye ake yi, baƙo yakan ɗauka ya wuce da zuciya ɗaya.

Mai saye shi ma a tuna masa ya warware rigar a gefen tebur ya duba girma da ɗinki da rubutun kafin ya tafi, ya riƙe rasit. Ƙungiyar da ke yawon wasa gari-gari takan kwashe kayanta a daren ƙarshe, gidan kuma ba shi ne mai kayan ba, don haka canji bayan wannan daren yana wahala. A rubuta ƙa'idar canji a allon farashi, tare da adireshin imel na masu kayan.